Tankin ruwan kwakwa ya yi tsami, gas ya ɗauke: a rushe ko a gyara?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina kula da wata ƙaramar masana'antar man kwakwa a yankin Badagry, muna fasa kwakwa kamar 5,000 a rana. Maƙwabta sun dame mu da ƙorafi kan warin ruwan da muke saki a lambatu, sai aka ba mu shawara muka gina rufaffen tanki na siminti, aka zuba kashin shanu, aka ce ruwan zai ruɓe a ciki har mu samu gas. Makonni uku na farko gas ya zo, har shayi muka dafa da shi. Yanzu ya ɗauke ɗif, wani farin abu mai kauri ya rufe saman ruwan, warin kuma ya fi na da. Wani ya ce mu rushe mu sayo irin tankin da ake kira UASB. Mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam Malam. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: me ya kashe tankin, kuma ko sayen wani na zamani zai raba ku da wannan ciwon kai. Bari in fara da amsa ta biyun tunda ita ce mai cin kuɗi: kada ku rushe komai tukuna. Alamomin da ka lissafa, gas na mako uku, farin ɓawo a sama, wari mai tsami, duk suna nuna cewa matsalar tana cikin abin da kuke ɗura wa tankin, ba a gininsa ba. Idan kuka sayo UASB, wato tankin ruɓarwa na zamani da ruwa ke ratsa laka daga ƙasa zuwa sama, kuka ci gaba da zuba masa wannan ruwan yadda yake, zai mutu, kuma zai riga wanda kuke da shi mutuwa.

Tumbin saniya ne kuka gina

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da ke faruwa idan akuya ta ɓalle ta shiga ɗakin hatsi ta ci ta ƙoshi. Cikinta ya kumbura, ta daina tuƙa, ta kwanta tana nishi, a rugo da kanwa. Ba guba ta ci ba, abinci ne mai kyau, amma ya zo da yawa a lokaci ɗaya, ya yi tsami a tumbi, tsamin ya kashe ƙananan halittun da ke narkar mata da abinci. Abin da ya sami tankinku ke nan, kusan ba bambanci, domin halittun da ke cikinsa daga tumbin saniya suka fito ta hanyar kashin da kuka zuba.

A rufaffen tankin da iskar oksijin ba ta shiga, aikin ruɓarwa hannu da hannu ake yin sa. Akwai bakteriyar da ke farfasa mai da furotin da sitaci su koma ƙanana. Akwai masu karɓar waɗannan su mayar da su asid iri-iri, wasu kuma su tattara su zuwa asid ɗin da ke cikin binega. A ƙarshen layi akwai masu cinye wannan asid su fitar da iskar metan, wadda ita ce ke kamawa da wuta. Masu yin tsami 'yan hanzari ne, cikin sa'o'i kaɗan sun ninka yawansu, kuma tsamin ba ya damun su. Masu yin metan kuwa kwanaki suke ɗauka kafin su ninka, ga su da tsirfa: suna son pH, wato ma'aunin tsami wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya tsaya tsakanin 6.8 da 7.4, da zarar ya sauka ƙasa da 6.5 sai su fara ja da baya. Su ja baya, asid ya ƙara taruwa, pH ya ƙara faɗuwa, su ƙara mutuwa. Gas ɗin da kuka gani a makonnin farko yawancinsa na kashin shanun ne, shi ya riƙe tankin har ƙarfinsa ya ƙare.

Shi kuwa ruwan masana'antar kwakwa kamar an ƙera shi ne don ya jawo wannan. Ruwan cikin ƙosasshiyar kwakwa yana ɗauke da sukari wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma a zafin Legas kafin la'asar ya fara tsami, kamar madarar da aka bari ta kwana. Idan ya haɗu da ruwan wankin tsokar kwakwa da ragowar madarar da aka tatse, pH ɗinsa yakan sauka tsakanin 4 da 5.5. Nauyin dattinsa kuma, wanda muke aunawa da ma'aunin COD, wato yawan oksijin da ake buƙata kafin a ƙone dattin da ke cikin lita ɗaya, yakan kai miligiram dubu goma zuwa dubu ashirin a masana'antun busasshiyar kwakwa irin na Kurunegala da Puttalam da Gampaha a Siri Lanka, inda aka daɗe ana fama da wannan matsala. Ruwan dattin gidaje bai cika wuce ɗari biyar zuwa dubu ɗaya ba. Ka ga ruwan da ido ke gani fari tas kamar farau-farau ya ninka na masai nauyi sau ashirin ko fiye.

Farin ɓawon nan

A nan nake son ka tsaya ka natsu, domin shi ne abin da ya bambanta ruwan kwakwa da na rogo ko na masana'antar lemo. Kusan rabin man kwakwa wani asid ne mai suna lorik. A cikin tanki, bakteriyar farko sukan raba man gida biyu cikin sauri, giliserin ya tafi a cinye shi nan take, asid ɗin lorik ya rage. Man kwakwa kansa yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, abin da duk mai ajiye shi a kwalba ya sani da hunturu. Shi lorik tsantsa sai zafi ya kai digiri 44 yake narkewa. Tankinku bai taɓa kai wannan zafin ba, don haka a daskare yake zama. Wannan ne farin abin da ka gani, haɗe da kumfa da tsakin kwakwa.

Ɓarnarsa iri uku ce. Yana naɗe lakar da halittun ke zaune a cikinta kamar yadda maiƙo ke naɗe soson wanke-wanke, abinci ya kasa isa gare su. Yana sa lakar ta yi sauƙi ta taso sama ta bi ruwa ta fice, ku wayi gari halittun da ke yi muku aikin sun gudu ta bututu. Sannan shi kansa guba ne ga masu yin metan. A 1987 wasu masu bincike biyu a Wageningen ta ƙasar Holan, Koster da Cramer, sun gwada asid ɗin mai iri-iri a kan lakar tanki, suka ga lorik na sahun gaba wajen hana fitar metan, kuma ƙasa da giram ɗaya a lita ya isa ya rage aikin da rabi. Ba abin mamaki ba ne. Halin da ya sa ake yabon man kwakwa wajen kashe ƙwayoyin cuta a sabulu shi ne yake aiki a tankinku, sai dai a nan waɗanda yake kashewa su ne kuke nema.

Na taɓa zuwa duba wani tanki a wata masana'antar madarar kwakwa da irin wannan ciwo. Da aka ɗaga murfin, sai muka sa gora mai tsawo don mu ji zurfin ɓawon. Gorar ta tsaya cak a tsaye ba mai riƙe da ita. Da muka ɓantaro wani yanki da shebur, cikinsa fari ne mai laushi kamar sabulun da ya kwana a ruwa, idan ka murza a yatsa sai ya bar maiƙo, ga wani wari kamar na man shanun da ya daɗe. Manajan wurin ya riga ya karɓo takardar farashin sabon tanki daga waje. Abin da ya gyara musu aiki a ƙarshe ramuka uku ne na bulo da aka gina a gaban tsohon tankin.

UASB ɗin da aka ba ku shawara tanki ne mai kyau ƙwarai. Gatze Lettinga da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a Wageningen a shekarun 1970, kuma ya yi suna a masana'antun sukari da na giya da na sarrafa dankali. Ruwa yana shiga ta ƙasa ya ratsa ta cikin laka mai ƙwaya-ƙwaya kamar gero, ya fita ta sama, lakar ta zauna saboda nauyinta. Duk dabarar ta dogara ne a kan wannan nauyin. Mai ya naɗe ƙwayoyin, sun taso, an gama. Shi ya sa na ce maka zai riga naku mutuwa. Wanda ya ba ku shawarar bai yi ƙarya ba game da ingancinsa, ruwanku ne bai duba ba.

Gyaran yana gaban tanki

Abu na farko, ku daina haɗa ruwa wuri ɗaya. Ruwan cikin kwakwa a tare shi a mazubi tun wurin fasawa. Ba datti ba ne, mu ne muke mayar da shi datti idan muka bar shi ya bi ƙasa. A Filifin da shi ake yin binega da wani abin ci mai kama da jeli da suke kira nata de coco, kuma masu kiwon dabbobi suna karɓarsa. Ko da ba ku sami mai saye ba, riƙe shi daban zai ba ku damar zuba wa tankin shi da awo. Haka kuma ruwan wanke injuna da daɓe, wanda ke ɗauke da bilic ko soda ko omo, kada ya kusanci tankin. Bokiti biyu na ruwan bilic ranar Asabar sun isa su rusa aikin wata guda. Ka tambayi masu wanke-wanken da kanka, kada ka tambayi shugabansu.

Na biyu, raga a bakin magudana don tare tsaki da zaren ɓawo, sannan tarkon mai: rami mai ɗakuna biyu ko uku, ruwa yana wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki ta ƙasan bango, mai yana taruwa a sama ana kwashewa kullum. A nan tsamin da ke cutar da ku a tanki zai yi muku amfani. Man da ke cikin madarar kwakwa ba ya tasowa da sauƙi saboda furotin ya riƙe shi, amma idan ruwan ya yi tsami pH ya kusanci 4, furotin ɗin yakan saki, man ya taso. Ku masu yin man kwakwa ta hanyar barin madara ta kwana kun fi ni sanin wannan. To ku bar ruwan ya kwana a tarkon, ya huce, ya yi tsaminsa a can, da safe a yaɗe saman. Kowane giram na man da kuka kwashe ya rage wa tankin nauyin COD kusan giram 2.7, alhali giram na sukari bai wuce 1.1 ba. Abin da aka yaɗe kuma masu sabulu za su saya. Manyan masana'antu suna amfani da injin da ke hura ƙananan kumfar iska don ɗago man, amma a girmanku ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba.

Na uku, tankin tarawa wanda zai ɗauki ruwan yini guda. Masana'anta tana sakin ruwa ne a gaggauce cikin sa'o'i biyar ko shida, shi kuwa tumbi yana son a ba shi kaɗan-kaɗan dare da rana. Ƙaramin famfo ko ma famfon hannu da aka daidaita zai yi. A wannan tankin ne za a gyara tsami. Hanya mafi araha ita ce a dawo da wani kaso na ruwan da ya fito daga tankin ruɓarwa a gauraya da sabo, domin lafiyayyen tanki yana fitar da ruwa mai kashe tsami da kansa. Kafin a kai nan dole a sayi magani. Bekin soda ya fi kowanne aminci saboda ko hannu ya zarce ba ya haura da pH sama sosai. Sodar masu sabulu tana da ƙarfi da araha amma kuskure kaɗan sai ta ƙone komai. Kanwa tana aiki, ba wasa nake ba, sinadarin cikinta dangin bekin soda ne, sai dai ƙarfinta ya bambanta daga buhu zuwa buhu kuma tana zuwa da ƙasa, don haka a jiƙa a tace, a riƙa aunawa. Duk ukun gishirin sodiyam suke ƙarawa, wanda shi ma idan ya haura giram uku da rabi a lita yakan fara takura wa halittun.

Bari mu yi lissafi a kan kwakwa 5,000

Abin da aka saba gani shi ne kusan lita ɗaya ta gurɓataccen ruwa a kan kowace kwakwa. Mu ce lita 5,000 a rana, mu ɗauki COD a 15,000. Wannan kilo 75 ke nan na datti kullum, daidai da abin da mutum ɗari shida ke fitarwa. Ka ga maƙwabtanku ba sharri suke yi muku ba. Tanki mai sauƙi irin na siminti, wanda ba a dumama shi ba a kuma juya shi, bai kamata a ɗora masa fiye da kilo biyu a kan kowace lita dubu ta girmansa a rana ba. Wato kuna buƙatar wajen lita 37,000, ruwa ya yi mako guda ko fiye a ciki. Ba ka faɗa mini girman naku ba, amma na sha ganin an gina na lita dubu goma an ce ya isa. Idan haka naku yake, ba rushewa za ku yi ba, ƙari za ku yi, kuma cire mai da ruwan cikin kwakwa zai rage girman da ake buƙata sosai.

Ga ɓangaren daɗi. Kowane kilo na COD da aka narkar yana ba da metan wajen lita 350, wannan lissafin kimiyya ne. Idan tankin ya cinye kashi 80 cikin ɗari na kilo 75, kilo 60 ke nan, metan lita 21,000, wanda ƙarfin wutarsa ya kai na gas ɗin girki kilo 16. Tukunyar gas mai kilo 12.5 da ɗoriya kowace rana. Idan kun cire mai da ruwan kwakwa adadin zai ragu, amma gara rabin wannan kullum da cikakkensa na mako uku. Ga masu tafasa madara ko busar da tsoka da itace, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

In za ku ƙara gini, ni tanki mai ɗakuna nake ba masu girmanku shawara, wanda ruwa ke hawa yana sauka ta bango huɗu ko biyar. Ɗakin farko yana shan tsami da ragowar mai, na baya su zauna lafiya suna yin gas, kuma ba ya buƙatar wutar lantarki, abin da ba sai na yi maka bayanin muhimmancinsa ba. A ɗakin ƙarshe ana iya zuba fasassun ƙoƙon kwakwa don halittun su sami wurin maƙalewa. Kayan yana zube a bayan masana'antarku kyauta. Sai dai kada a sa shi a ɗakin farko, mai zai toshe shi cikin wata guda.

Yadda za a tashi wanda ya kwanta

Ku tsayar da zuba ruwa gaba ɗaya yau. A kwashe ɓawon daga waje da dogon abin kwasa. A sayi takardar gwajin pH ko ƙaramin mita, ba su da tsada, a auna. Idan ya sauka ƙasa da 5.5, a zuƙe rabin ruwan a maye da ruwa mai kyau wanda ba bilic, a ɗaga sauran zuwa 7 da bekin soda a hankali cikin kwana biyu ko uku. A kawo sabon iri: ɗanyen kashin shanu, ko abin da ake zubarwa daga tumbi a mayanka, ko mafi kyau laka daga wani tankin gas da ke aiki. A bar shi mako guda ba abinci. Gas ɗin farko ba zai kama wuta ba saboda yawancinsa iskar kabon ce, kada wannan ya karya muku gwiwa. Ranar da ya kama da shuɗiyar wuta, a fara ba shi kashi ɗaya cikin goma na ruwan yini. Idan pH ya tsaya mako guda bai motsa ba, a ƙara kaɗan. Idan ya fara sauka ko wutar ta fara tsalle tana mutuwa, a koma baya. Wata biyu zuwa uku ake ɗauka kafin a kai cikakken kaya, kuma a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, domin mai masana'anta yana ganin gas ya dawo sai ya ce a buɗe famfo duka.

Ruwan kwakwa yana da ƙarancin naitirojin idan aka kwatanta da nauyin dattinsa, don haka ci gaba da zuba ɗan kashin shanu lokaci-lokaci yana taimakawa, ko ɗan takin yuriya idan gwaji ya nuna buƙata.

Ina roƙon ka da girman Allah kada kowa ya shiga cikin tankin nan, ko an zuƙe shi, ko don ɗauko abin da ya faɗa. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ciki, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin hanci, mutum ya ɗauka ta tafi, sai ya faɗi. Sau da yawa na biyu da na uku da suka shiga ceto su ma ba sa fitowa. Metan kuma yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, don haka ba sigari, ba walda, ba fitilar ashana a bakin murfi. Ita wannan iska mai warin ƙwai tana cin ƙarfen murhu, ana rage ta da wuce gas ɗin ta cikin mazubi mai cike da ɓarɓashin ƙarfe mai tsatsa.

Abin da tankin ba zai yi ba

Ko ya yi aiki yadda ake so, kashi 80 daga 15,000 ya bar 3,000. Wannan ruwan bai isa a sake shi a lambatu ba, balle a tafkin Badagry da masunta ke ci daga gare shi. Don ka ga nisan tafiyar, ƙa'idar Siri Lanka ta 2008 ta sa iyakar COD a 250 ga ruwan da za a zuba a kogi. A Najeriya hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar da doka a 2009 da ta shafi masana'antun abinci da abin sha, a Legas kuma hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ce za ta ƙwanƙwasa muku ƙofa, kuma gara ku je ku karɓi iyakokin a rubuce kafin su zo. Bayan rufaffen tanki dole a sami mataki mai iska: kududdufai marasa zurfi a jere, ko fadamar gini da aka cika da tsakuwa aka shuka ciyayin ruwa, ko tanki mai injin hura iska idan fili ya yi kaɗan. Idan kuna da gonar kwakwa kusa, ruwan da ya bi waɗannan matakai yana da fotash mai yawa, kuma bishiyar kwakwa mayunwaciyar fotash ce.

Duk lissafin nan na yi shi ne a kan abin da aka saba gani, ban ga tankinku ba, ban kuma auna ruwanku ba, kuma masana'antu biyu masu fasa kwakwa iri ɗaya suna iya bambanta ninki biyu saboda yawan ruwan wanki kawai. Kafin ku sayi buhun siminti ko ɗaya, ku ɗebi ruwan a kwalba sau uku a yini ɗaya, safe da rana da lokacin wanke-wanke, ku sa a ƙanƙara ku kai ɗakin gwaji a auna COD da pH da yawan mai. Ku kuma auna lita nawa kuke fitarwa da durom da agogo. Idan ka turo mini waɗannan tare da tsawo da faɗi da zurfin tankin, zan faɗa maka ko ramukan gaba kaɗai sun ishe ku ko sai an ƙara ɗaki.